Ƙugun Ɗalhatu Maɗori

Duk wanda ya taɓa karyewa tsakanin Kura da Bunkure, da wuya ka ambaci Ɗalhatu Maɗori ya ce maka wane ne shi. Ko dai ya sha hannunsa, ko ya taɓa danne wa wani kafaɗa ana jan ƙafa yana kiran uwarsa. Ɗori gadon gidansu ne, daga kaka zuwa uba zuwa shi. Amma ba da shi yake ci ba. Abincinsa yana gona, 'yar ekarsa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, kamar dai kowa a nan. Ɗorin don Allah yake yi. In ka warke ka kai masa zakara ya karɓa, in ba ka kai ba, gobe ka sake faɗowa daga kan mangwaro, zai zo.

Zai zo na ce, don a nan maganar take. Ƙa'idar gidansu ita ce maɗori ke zuwa wurin karaya, ba a ɗaukar karaya a kai wa maɗori. Ubansa ya sha gaya masa cewa rabin ɓarnar ƙashi ba faɗuwa ke yin ta ba, 'yan taimako ne, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kowa na ja nasa gefe. Saboda haka tun yana saurayi ya saba rataya jakarsa mai kara da tsumma da man shanu, ya bi kunyoyin gonaki, ya tsallaka magudanai, ya shiga ƙauyuka da rugage. Babu lungun da ƙafarsa ba ta taka ba a yankin nan.

Hannunsa na da albarka, amma bakinsa, kai! Ba ya lallashi. Kana ihu yana cewa, "Haba, namiji! Akuya ma na ɗora mata ƙafa ba ta yi wannan kwarmaton ba." In ya gama ɗaure karan, ya tofa addu'arsa, sai ya nuna ka da yatsa ya yanke hukunci: kwana arba'in a kwance, ko motsin kirki kar ya ji. Wanda ya saɓa, ranar da ya dawo dubawa sai ya wanke shi tas a gaban matarsa da 'ya'yansa. Mutane suna tsoronsa, suna kuma son sa, don wanda ya bi maganarsa yakan tashi garau.

To, shi ciwo ba ya sallama. Abin ya fara ne da ɗan tsami a ƙugun dama, Ɗalhatu ya ce sanyi ne, tsayuwa cikin ruwan shinkafa ce ta jawo. Matarsa Saude ta gasa masa da ruwan zafi, ta murza man shanu, ya sha saiwoyin da ya sani da waɗanda bai sani ba. Shekara ta zagayo ya ɗauki sanda. Wata ta zagayo ya kasa ɗaga ƙafa ya hau babur. Daga nan ƙafar ta fara gajarta, tafiya daga ɗaki zuwa zaure ta zama aiki, salla ta koma a zaune. Gonar ma ɗansa Suhaibu ne ya riƙa haɗa ta da aikinsa na injin casar shinkafa a Kura.

Mutane ba su daina karyewa don Ɗalhatu ya zauna ba. Sai aka koma loda masu karaya a adaidaita-sahu, a bi hanyar bakin kanal mai ramuka, a dire masa su a zaure. Kowane zuwa sai ya ji kamar an mare shi. Wata rana da rani aka kawo wani magidanci da buhun albasa ya danne wa ƙafa. Waɗanda suka ga faɗuwar sun ce karaya ce mai sauƙi, fata ko ƙwarzane babu. Kafin a iso da shi, girgizar hanya ta sa ƙashin ya huda fata ya leƙo. Ɗalhatu ya duba, ya rufe ciwon da tsumma mai tsabta, ya ce maza a wuce da shi asibiti, wannan ya fi ƙarfinsa.

Ran nan ko tuwo bai taɓa ba. Da Saude ta matsa masa sai ya ce, "Ba buhu ne ya yi wa bawan Allahn nan haka ba, Saude. Ƙuguna ne. Da na je na same shi a inda ya faɗi, da yanzu yana kwance a ɗakinsa."

Tun aurensu ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ta ɗauke kwanon ta fita, don kar ya ga nata.

Suhaibu ne ya jiyo a rediyo cewa wasu likitocin sa-kai za su sauka a wani asibiti a cikin Kano, 'yan ƙasa da ke aiki a waje tare da abokan aikinsu, za su yi wa masu lalacewar ƙugu aiki kyauta. Ya zo da murnarsa ya faɗa, uban ya ce allambaram. Shi, ɗan maɗora jikan maɗora, ya kwanta a yanka shi kamar rago? Lallai wanzami ba ya son jarfa! Suhaibu ya yi magiya har ya gaji, Saude na gefe tana tsince shinkafa. Sai da yaron ya fita ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To Malam, sai a ci gaba da kawo maka su a keke." Washegari shi ya fara neman hularsa.

A asibitin aka ɗauki hoton ƙugun. Likitan da ya duba shi, Dokta Jamaluddeen, ya maƙala hoton a jikin fitila ya nuna masa. Ɗalhatu ya ƙura ido. Shekara da shekaru yana laluben ƙashi ta bayan fata, bai taɓa ganin sa ido da ido a jikin mai rai ba, ga shi kuma nasa ne. Kan ƙashin cinyar ya zaizaye, ramin da yake zama a ciki ya cinye, kamar tsohon turmi da taɓaryarsa. Likitan ya ce wannan ba ya ɗoruwa, sai dai a cire a sa sabo, ya kuma miƙo masa irin ƙarfen da za a sa. Ɗalhatu ya karɓa, ya jujjuya, ya sa kan a cikin raminsa ya murza hagu da dama.

"Wanda ya ƙera wannan ya san ƙashi," in ji shi. "To, bismillah."

Aka yi aiki lafiya. Rigimar ba ta tashi ba sai washegari da hantsi, da wata matashiya cikin farar riga ta shigo ɗakin tana ture da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake dogarawa. Sunanta Fa'iza, likitar gashin ƙashi ce, ita ma 'yar sa-kai. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi jiki, sannan ta ce, "Baba, yau za mu miƙe tsaye."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Wa zai miƙe?"

"Kai, Baba."

"'Yata, jiya fa aka tsaga ni aka taɓa ƙashi. Ke kin san ko ni wane ne? Tun ba a haifi babanki ba nake ɗori. Ƙashin da aka taɓa kwana arba'in yake so a kwance. Je ki, Allah Ya yi miki albarka."

Ta yi bayani, ya juya fuska bango. Ta dawo da yamma, ya yi kamar yana barci. Sauran waɗanda aka yi wa aiki tare da shi, har da wata tsohuwa daga Garun Malam, duk sun miƙe suna jan ƙarfensu a baranda, shi kuwa yana kallon su ta taga yana girgiza kai, yana cewa za su gane kurensu. Ga shi ƙarshen mako likitocin za su tattara su tafi. Fa'iza ta ja Saude gefe ta gaya mata gaskiya: in ya ci gaba da kwanciya naman ƙafar zai saki, gaɓar ta sandare, jini ma yana iya daskarewa a jijiya. Aikin zai tashi a banza, ya koma gida yadda ya zo.

Ita kuwa Saude tana tsaka mai wuya, don da hannunta a cikin lamarin. Ashe tun daga gida ya sa ta ƙunso karan ɗori da tsumma a ƙarƙashin kwanukan abinci. Da Fa'iza ta shigo rana ta uku ta yaye mayafin don ta duba ƙafar, me za ta gani? Cinya a jere da kara, an naɗe ta tsaf tun daga gwiwa, ɗauri irin na gwanaye. Malam ya ɗora kansa a gadon asibiti!

Da wata ce, da ta kwashe da dariya, ko ta kira manya a yi ta faɗa. Fa'iza ta ja kujera ta zauna, ta shafa ɗaurin ta ce, "Kai, Baba, wannan hannu! Ban taɓa ganin ɗauri mai kyansa ba. Amma don Allah in tambaye ka, me ake ɗaure wa kara?"

"Karaya mana."

"To laluba mini ita. Kai ne gwani, ni ban iya ba. In ka samo inda ƙashi ke motsi, wallahi na bar ka ka yi arba'in ɗinka."

Ya harare ta, amma an taɓo sana'a. Ya sa aka kwance tsumman, ya bi cinyar da yatsu a hankali, yana kauce wa ɗinkin, ya danna nan, ya saurara can, yadda ya yi wa ɗaruruwan mutane. Ya sake bi. Babu ƙas, babu gociya, komai zaune daram.

"In ka kwance wa mutum ɗori bayan ya daɗe a kwance," in ji Fa'iza, "yaya kake samun gwiwarsa?"

"A sandare," ya faɗa ciki-ciki. "Sai an gasa, an yi ta lanƙwasawa yana kuka."

"To kai naka ƙashin ba jiran haɗewa yake ba, an riga an kafa shi. Yau ranar kwance ɗori ce, Baba, ba ranar ɗauri ba."

Ya gane sarai. Mutumin da ya san ƙashi ba ya buƙatar a maimaita masa wannan. Amma bai motsa ba, ya kama zanen gadon ya riƙe, gumi na tsattsafo masa a goshi. Saude da ta shekara arba'in tana karantar fuskar nan ta matso ta tsaya a kansa.

"Malam, tsoro kake ji."

"Ni?"

"Kai fa. Kai da kake ce wa 'ya'yan mutane akuya ta fi su. Ni na ɗauko karan nan, ni zan mayar da shi in hura wuta. Tashi, don girman Allah, kar ka ba ni kunya a gaban yarinyar nan."

Ai kuwa abin ya sosa shi. Ya ce a matso da ƙarfen. Fa'iza ta nuna masa yadda zai zuro ƙafafu, Suhaibu ya tallafe shi ta baya, ya kama ƙarfen da hannu biyu yana salati. Ya miƙe. Ya tsaya yana jiran azabar nan da ta saba soke shi kamar an caka masa kibiya duk sanda ya taka, shiru ba ta zo ba. Akwai zafin ɗinki, akwai jiri, amma wancan ciwon na cikin gaɓa babu shi. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya sake.

"Saude," ya ce, "ƙafafun sun yi daidai. Duba ki gani, sun yi daidai!"

Daga ranar sai da aka riƙa roƙonsa ya huta. Kafin likitocin su tafi Fa'iza ta karanta masa dokoki: ba tsugunno, ba zaman tabarma, ba harɗe ƙafa, ba hawa babur tukuna, salla a kan kujera, kuma ya kiyayi faɗuwa. Ta koya masa yadda zai durƙusa in lokaci ya yi, gwiwar ƙafar da aka yi wa aiki a ƙasa, bayansa a miƙe. Mutumin da ya saba ba da doka ya karɓi ta sa'ar 'yar cikinsa yana cewa to, to. Da za su rabu ya sa mata albarka har sai da ta share ido da gefen hijabinta.

A gida Suhaibu ya ɗora gadon a kan bulo, ya sa kafinta ya yi kujera mai tsayi, har ta bayan gida. 'Yan dubiya suka yi ta tururuwa, kowa ya zo da niyyar samun sa a kwance, sai ya tarar da shi yana zagaya tsakar gida. Waɗanda ya taɓa kwantarwa suka samu abin nema. "A'a, Maɗori! Mu ka tsare mu arba'in kamar masu jego, kai ko bakwai ba ka yi ba?" Shi kuwa sai ya ce, "Ku ƙashi gare ku, ni ƙarfe gare ni. Kowa da ƙa'idarsa." Ya bar ƙarfe mai ƙafa huɗu ya koma sanda, ya fara zuwa masallaci, daga baya har gona yana duba yabanya. Amma masu karaya ba su daina zuwa a keke ba, don mutane sun riga sun saba, shi ma bai yarda da kansa ya yi nisa ba.

Damina ta yi tsakiya, an gama dashen shinkafa, ko'ina ruwa da taɓo. Wata safiya sai ga Raliya a ƙofar gida, zanenta jiƙe har gwiwa, tana haki. Matar Ibrahimu ce, wani Bafulatani da ke zaune da shanunsa da gonarsa a hayin babban kanal, abokin Ɗalhatu tun suna samari. Ta ce saniya ce ta kafe a taɓo, Ibrahimu na jan ta ta faɗo masa a ƙwauri. Yana nan kwance a bakin garke. Hanya ta yanke, keke ba ya shiga, shi ya sa ta baro 'ya'yansa suna cire ƙyauren ɗaki, za su ɗora shi su ɗauko. Ta rigo su ne don a shirya.

Ɗalhatu ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa: kunyoyi masu santsi, sannan siririyar gadar siminti a kan kanal, wadda mutum biyu ba sa jerawa. Ya hango ƙarti huɗu da ƙyaure a kai, suna tangaɗi da karyayyen ƙwauri.

"Akwai waya a hannun yaran?" ya tambaya. Ta ce akwai. "Suhaibu, kira su. Ka ce kar wanda ya taɓa shi. Su yi masa inuwa kawai."

Yanzu kuma Saude ce tsoro ya kama. "Malam, an ce ka kiyayi faɗuwa. Ka ga ƙasar nan kuwa?"

"Na gani. Miƙo jakar."

Ba ta miƙa ba, ta rataya a kafaɗarta ta ja mayafi. In zai faɗi, ya faɗi a gabanta.

Suka kama hanya, Raliya a gaba, shi a tsakiya, Suhaibu da Saude a baya. Yana kafa sanda, ya gwada ƙasa, sannan ya taka. Masu cire ciyawa a cikin shinkafa suka riƙa ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ƙwala, "Kai, jama'a, wa nake gani kamar Maɗori?" Wani ya amsa daga can, "Shi ne, wallahi shi ne!" Bai kula su ba, idonsa na kan kunya. Da suka iso gadar, ruwa ya cika kanal yana gudu ja wur. Suhaibu ya ce bari ya goya shi. Uban ya yi masa wani kallo, yaron ya ja baya. Ya yi bismillah ya hau, yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan, Saude ta runtse ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ba ta buɗe ba sai da ta ji Raliya na guɗa a ɗaya hayin.

Suka sami Ibrahimu a inda ya faɗi, an kafa masa zane a kan sanduna, ƙyauren na jingine a gefe. Ɗalhatu ya ba Suhaibu sandar, ya dafa kafaɗarsa, ya sauke gwiwar dama a ƙasa yadda aka koya masa. Ya bi ƙwaurin da yatsu. Karaya ɗaya ce, ba ta goce sosai ba, fata lafiya lau. Ya yi hamdala a fili. Ya sa aka riƙe, ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya naɗe, ya tofa. Sai da ƙafar ta ɗauru sannan ya yarda aka ɗaga shi a hankali zuwa ɗaki, yana biye yana faɗa wa yaran inda za su sa hannu.

Da Ibrahimu ya dawo hayyacinsa ya sha ruwa, ya dubi abokinsa, ya dubi taɓon da ya shafe masa wando har gwiwa.

"Ɗalhatu, wa ya ɗauko ka? Ban ji ƙarar babur ba."

"Babu wanda ya ɗauko shi," in ji Saude daga bakin ƙofa. 

Ibrahimu ya kama hannunsa ya riƙe gam. Ɗalhatu ya zare hannun yana gyaran murya, ya ce ya kwanta, kar ya kuskura ya taka, amma ya riƙa motsa yatsun ƙafar. Jibi zai dawo ya duba ɗaurin.

"Da kanka?"

"To da wa?"

Raliya ta cika ƙwarya da nono ta ba Suhaibu, suka juyo. Ɗalhatu ya sake haye gadar, ya hau kunya ya miƙe, manoma na ɗaga masa hannu ta ko'ina, yana amsawa da sanda. Saude na baya da jaka, hawaye ya hana ta ganin inda take takawa, tazara sai ƙaruwa take tsakaninsu. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta tsaya ta share fuska ta ɗaga murya yadda duk fadamar za ta ji.

"Malam! Don Allah rage sauri, ka jira ni!"